Kankare tsohon folish daga tayil ɗin masallacin ƙauye: yadda aikin ke tafiya

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Masallacin Juma'a ne na wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa. Cikinsa mita 12 ne ta wajen tsawon sahu, mita 9 daga bangon gabas zuwa ƙofar yamma, wato murabba'in mita 108. An shimfiɗa masa tayil mai sheƙi, santimita 40 ko ta ina, wajen guda 675 idan an haɗa da yankakkun da ke jikin bango. Baranda tana yamma, mita 12 da mita 3, tayil ɗinta ƙanana ne 'yan santimita 30 masu kaushin fuska, guda 400. Kwamitin masallaci na son a kammala kafin azumi, wanda ake sa ran zai kama a farkon Maris.

Kukan da ake yi kala uku ne. Daɓen ya koma ruwan ɗorawa, gefen bango kuwa har ya yi baƙi. Da bazara yana kama tafin ƙafa kamar an zubar da ruwan rake. Wanda ya fito daga alwala da jiƙaƙƙiyar ƙafa kuma santsi ke kwasarsa, musamman tsofaffi.

Sanadin ba ɓoyayye ba ne. Shekara bakwai ke nan duk jajibirin Sallah ƙarama da babba sai a shafa folish na ruwa hawa biyu, a kan wanda yake nan, a kan ƙurar da ta riga ta zauna. Inda ƙafa ke bi yana cinyewa. Jikin bango da gindin ginshiƙai, inda babu mai takawa, ya taru kusan hawa 28. Da aka sa bakin reza a kwance a kusurwar arewa, sai ya fito kamar ɓawon albasa, kaurinsa ya kai na katin waya.

Tun farko tayil mai sheƙi ba ya buƙatar a shafa masa komai. Fuskarsa gilashi ce da aka gasa da wutar da ta haura digiri 1,000, ba ta shan ruwa, ba ta shan mai. Duk abin da aka shafa a kai zama yake yi a sama. Wurin da ke sha shi ne simintin tsakani, layin nan mai faɗin milimita 3.

An kuma bi tayil ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da gindin mabuɗi. Guda 23 sun yi ƙarar fanko, alamar siminti bai cika ƙarƙashinsu ba. An yi musu alama da alli a jikin bango daidai layinsu, domin idan aka zana a kan tayil ruwa zai wanke. Waɗannan ba za a malala musu ruwa ba.

Talata, 7 ga Janairu

Ranar gwaji. Ba a sayi komai da yawa ba tukuna, don sai an gwada akan san na ƙwarai. An zaɓi tayil biyar a jere a cikin masallaci, biyar kusa da mumbari, biyar a baranda. Kowanne aka ɗora masa auduga jiƙe da abu guda, aka kife da murfin roba, aka ba shi minti 10.

Ruwan ɗumi da omo ƙurar sama kawai ya ɗauka, ko'ina.

Ruwan kanwa, cokali huɗu cikin rabin lita, an sa shi ne bisa shawarar wani dattijo a kwamiti, kuma shawarar tana da tushe, don kanwa na narka maiƙo. Ta cire dauɗar ƙafa da ragowar sabulu, ta ɗan dusashe folish ɗin, amma ba ta ratsa shi ba. Ƙarfinta bai kai ba.

Ruwan amoniya irin na wanke-wanken gida ya mayar da folish ɗin cikin masallaci fari kamar madara cikin minti uku, farce na tura shi. Wannan ya nuna folish ne na akirilik, irin wanda ake haɗa ƙwayoyinsa da sinadarin zink don ya yi tauri. Amoniya da danginta su ke kwance wannan ɗaurin, shi ya sa ake zuba su a cikin ruwan kankare folish da ake sayarwa. Kusa da mumbari amoniyar ba ta yi komai ba, ɗigon ma dunƙulewa ya yi yana gangarawa.

Kananzir shi ya narka na kusa da mumbari, audugar ta fito jawur. Ashe an taɓa shafa wa wurin jan folish na gwangwani, wanda ake goge daɓen siminti da shi. Wannan kaki ne da mai, ruwa ba ya kama shi. Da aka share shi sai ga akirilik ɗin a ƙasa. Hawa biyu ne iri daban-daban, kowanne da maganinsa.

A baranda duk huɗun ba su yi aiki ba. Tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, ita ce kaɗai ta sa shi laushi, ya koma danƙo yana bin auduga. Wannan shi ne abin da masu shago ke kira sila, wadda ake narkawa da tina ake shafa wa dutse da siminti. Ranar yamma ta gasa ta shekara da shekaru, ta yi rawaya tana ɓarewa.

Akwai wani gwajin da aka riga aka yi kafin a kira ma'aikata, kuma tabonsa na nan. Watanni baya an zuba asid ɗin wanke tayil a kusurwar kudu, kimanin murabba'in mita biyu. Folish ko gezau. Simintin tsakani kuwa ya zaizaye da milimita biyu, ƙasan ƙofar ƙarfe ya yi tsatsa. Asid siminti da farar ƙasa yake ci, ba ya cin kaki ko roba. Mutane da yawa shi suke fara ɗaukowa don sun ga yana kumfa, alhali kumfar simintinsu ce ke narkewa.

Alhamis, 9 ga Janairu

An shiga Kano an yi sayayya, kayan hannu a Ƙofar Ruwa, sinadarai a Sabon Gari. Ruwan kankare folish jarka uku 'yan lita biyar. Tina lita 12. Kananzir lita biyu. Farin ruwan khal lita biyu. Takardar gwada ƙarfin sinadari, mai sauya launi, fakiti ɗaya. Koren soson nailan guda 20, buroshi mai dogon hannu huɗu, ƙaramin buroshi don layin tsakani shida, robar jan ruwa biyu, makankarin roba shida, bokiti shida, mofa uku. Safar hannu ta roba mai kauri, gilashin kare ido, da takalmin ruwa ga kowane ma'aikaci.

Bokitan an rubuta musu suna da fenti: biyu na sinadari, biyu na ƙazamin ruwa, biyu na ɗauraya. Mofa ma haka. Idan mofar sinadari ta shiga bokitin ɗauraya sau ɗaya, ɗaurayar ranar ta lalace.

Abu biyu aka ƙi saye duk da an yi tayinsu. Soson ƙarfe na wanke tukunya yana barin baƙin zane a fuskar tayil, gutsattsarinsa kuma suna maƙalewa a layin tsakani su yi tsatsa. Sai sodar da ake haɗa sabulu da ita. Tana cire folish, ba musu, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba, amma tana cin fata, ɗigo ɗaya a ido na iya makantar da mutum, tana kuma cin alminiyon, ga shi ƙofofin gefe biyu da tagogi duk na alminiyon ne. A wurin da yara 'yan makarantar allo ke kai-komo, arahar ba ta biya.

An kwashe bilic da ragowar asid daga ɗakin ajiya an kai gidan ladan. Bilic ya haɗu da amoniya hayaƙi mai guba ne, ya haɗu da asid ma haka.

Gobe Juma'a babu aiki.

Asabar, 11 ga Janairu

An raba masallaci biyu da igiya da tabarmi. Ɓangaren arewa ake aiki, mita 6 da mita 9, ana salla a na kudu. An manna faffaɗan salatif a ƙasan ƙofofin alminiyon da kuma fentin gindin bango, don sinadarin na baƙanta alminiyon, yana kuma sa fenti laushi. An share ƙura tas kafin a jiƙa komai.

Yau an yi asara. An haɗa lita ɗaya da 'yan kai na sinadari da ninkinta huɗu na ruwa, aka malala a kan mita 6 da mita 3 gaba ɗaya da misalin ƙarfe goma sha biyu, tagogi duk a buɗe saboda wari. Takardar jarka ta ce a bar shi minti 10. Kafin minti shida gefen taga ya fara bushewa, kafin a gama goge kashi ɗaya cikin uku sauran ya bushe ƙamas. Folish ɗin da ya narke ya sake daskarewa, wannan karon haɗe da dauɗar da ya kwaso da sawun buroshi, launin toka-toka, ya kuma fi na da tauri. Wanda ya gangara cikin layin tsakani ya cike shi.

Wanda ya rubuta minti 10 bai rubuta don hunturun Jigawa ba. Iskar arewa maso gabas a wannan watan wanki ma cikin ɗan lokaci take busar da shi, balle ruwan da aka shimfiɗa siriri a kan gilashi. Dokar aikin kuwa ita ce kada narkakken folish ya bushe a ƙasa. Narkarwa rabin aiki ce, kwashewa da ɗanyensa shi ne ɗaya rabin.

An sake jiƙa wurin da sabon haɗi, kaɗan-kaɗan, har la'asar ta gabato. An ceto kimanin murabba'in mita 10.

Wani kuskuren da aka kauce wa: an so a dafa ruwan haɗin saboda sanyi. Ruwan zafi yana kore amoniya da sauran masu narkarwa su bi iska tun kafin su taɓa daɓe, sai a sha wari a banza. Ruwan randa ya isa.

Litinin, 13 ga Janairu

An sauya tsari, kuma yau aiki ya yi kyau.

Lokaci daga ƙarfe 8 zuwa 11:30 na safe. Kafin takwas tayil ya yi sanyi ƙwarai, sinadarin na jan ƙafa. Bayan sha ɗaya da rabi iska ta tashi. Tagogin arewa da na gabas an rataya musu jiƙaƙƙun buhunan algarara, iska na shigowa amma ta rage kaifi, ƙura ma ta ragu. Na kudu da ƙofar yamma a buɗe don wari ya fita.

Yanki guda tayil biyar ne ta kowane gefe, mita 2 da mita 2. Yana cin lita ɗaya da kwata na haɗin, kashi ɗaya sinadari, kashi huɗu ruwa. Ruwa ake fara zubawa a bokiti sannan sinadari, don kada ya fantsamo ko ya yi kumfa. Ana shimfiɗa shi da mofa a jiƙe sharkaf, ba a matsewa. Minti bakwai ake ba shi, mutum ɗaya na tsaye da gorar ruwa mai hudajjen murfi, duk inda ya ga sheƙin ruwa na dusashewa ya yayyafa. Idan wurin ya yi fari kamar kunun kanwa, sai masu buroshi biyu su shiga, a goga tsaye a goga kwance. Ƙaramin buroshi ya bi layin tsakani. Nan take mai robar jan ruwa ya tattara kunun wuri ɗaya, a kwashe da abin kwashe shara na roba a juye a bokiti. Ɗauraya biyu, ta farko da mofa, ta biyu da tsumma mai tsabta. Yayin da ake goge yanki ɗaya, na gaba yana jiƙe yana jiran lokacinsa.

Daga bangon gabas aka faro ana ja da baya zuwa ƙofa. Narkakken folish ya fi kuɓewa santsi, saboda haka ba a taka jiƙaƙƙen wuri. Mai buroshi a busasshe yake tsayawa ya miƙa hannu. Dalilin dogon hannun ke nan.

Jikin bango sai da makankari. Hawa 28 ba ya narkewa a zubi ɗaya. Na sama ya yi laushi a ture shi, a sake jiƙawa. Wani wurin sau huɗu. Ana riƙe makankarin a kwance-kwance, a tura shi karkace da layin tsakani don kada bakinsa ya faɗa ciki ya ɓantare gefen tayil.

Tayil masu ƙarar fanko da soso aka yi su, ruwa kaɗan, a share nan da nan.

Yanki takwas aka gama, murabba'in mita 32. Ruwa jarka shida 'yan lita 25 daga rijiyar burtsatse.

Ƙazamin ruwan ba a zuba shi a kwata ba, don awaki da kaji na sha daga nan. An haƙa rami a bayan katanga, taku hamsin daga rijiya, ana juyewa ana rufawa da yashi.

Laraba, 15 ga Janairu

An gama zagaye na farko da na biyu a ɓangaren arewa. Na biyu da haɗi mai sauƙi aka yi, ɗaya cikin takwas, minti biyar. Sinadarin da ya tafi zuwa yanzu lita bakwai, har da asarar Asabar.

Layukan sahu da aka taɓa yi da salatif sun bar danƙo wanda sinadarin bai taɓa ba. Kananzir a tsumma, minti biyu, ya fita.

Alhamis, 16 ga Janairu

Da gari ya waye daɓen ya bushe, sai ga fari-fari ya lulluɓe wurare da dama kamar hazo. Wasu 'yan kwamiti sun ɗauka sinadarin ya ƙone tayil. Malam Liman ya tambaya ko a dakata. Aka ce masa, "Allah ya gafarta Malam, a ba mu zuwa azahar mu gane ko wane iri ne." Domin farin da ke biyo bayan irin wannan aiki kala huɗu ne, kuma a ido duk ɗaya suke.

Na farko ragowar sinadari ne da ɗauraya ba ta kwashe ba. Idan aka ɗiga ruwa aka murza da yatsa zai yi santsin sabulu, takardar gwaji kuma ta nuna 10 ko fiye. Na biyu ragowar folish ne, farce na kankaro shi, ɗigon amoniya na ƙara masa fari. Na uku gishirin ruwa ne, ko wanda ya taso daga simintin da ya jiƙa. Gari ne, yana bin yatsa, ruwan khal na share shi nan take. Na huɗu shi ne fuskar tayil da ta ci, wanda idan an jiƙa ya ɓace, ya bushe ya dawo, ba abin da ke cire shi. Wannan ba shi da magani sai sauya tayil.

Mafi yawan namu na farko ne da na uku. An yi ɗauraya da ruwan khal, kofi ɗaya, wato mililita 250, cikin lita 10 na ruwa. A shafa, minti biyu, a bi da ruwa zalla, a tsane da busasshen tsumma. Ba a barinsa ya daɗe, don duk rashin ƙarfinsa asid ne, simintin tsakani ba ya son sa. Bayan haka takarda ta nuna tsakanin 7 da 8, alamar ragowar sinadarin ta fita. Tsanewar da tsumma ita ta fi muhimmanci: ruwan burtsatse idan ya bushe da kansa, abin da ke cikinsa a kan tayil yake zama.

Na biyu ya fito a wuri shida, yawanci a tsakiyar tayil masu ɗan lotsawa inda buroshi ke tsallakewa. An bi su da koren soso.

Na huɗu babu a wannan ɓangaren. Hanyar dubawa mafi inganci ita ce a rufe ƙofa bayan magariba a kwantar da tocila a ƙasa, haskenta na shafar daɓe. Duk abin da ya rage zai fito da inuwarsa.

Asabar, 18 ga Janairu

An mayar da salla ɓangaren arewa, aka koma kudu. Da aka naɗe dardumar sahun farko sai ta zo da folish a bayanta, robar ƙasanta kuma ta bar tambarin raga-raga mai ruwan ƙasa. Man da ke sa irin wannan roba laushi yana fita a hankali ya shiga folish ya narke da shi. Bai shiga tayil ba, saboda haka ya fita tare da folish ɗin, sai dai ya buƙaci zubi uku. Dardumar ba za ta koma ba sai an kankare bayanta, in ba haka ba ta sake shafa wa daɓe.

Gaban mumbari, murabba'in mita biyar, an fara da kananzir. Tsumma jiƙe, a shafa tayil huɗu, minti uku, a share da wani tsumman ana juya shi zuwa gefe mai tsabta. Idan aka ci gaba da gefe ɗaya, kakin kawai ake yawo da shi. Kananzir na barin maiƙo, ruwan kankare folish kuma ba ya kama wuri mai maiƙo, don haka sai da aka wanke da omo sau biyu kafin a zuba shi. Wanda ya juya wannan jeri, ya fara da sinadarin ruwa, jan kaki zai dame ya shige layin tsakani. Ko a haka layukan wurin sun riƙe ja-ja, siminti ya riga ya sha tun shekarun baya.

Talata, 21 ga Janairu

Cikin masallaci ya kammala. Sinadari lita 13 da rabi daga cikin 15. An yi maganar ɗauko hayar injin goge daɓe daga Kano tun makon jiya, aka fasa: ƙaramin janaretan masallaci ba zai tashe shi ba, nauyinsa na iya fasa tayil masu fanko, kuma jikin bango, inda wahalar take, ba ya kaiwa.

A kusurwar da aka taɓa zuba asid, tayil huɗu sun dusashe har abada.

Laraba, 22 ga Janairu

Baranda. Aikin tina daban yake da na ciki, haɗarinsa wuta ne da numfashi. Tururinta ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, yana iya kama wuta daga nesa. An roƙi mai shayin da ke jikin katanga ya matsa can gindin darbejiya na kwana huɗu. Babura a wajen harabar. Ba a tada janareta, ba sigari. Bokitin yashi biyu a kusa. Takunkumin yadi ba ya tare tururin tina, sai mai gwangwanin gawayi a gefe. Biyu ake da su, saboda haka mutum biyu ne kawai ke aiki a lokaci guda, ana canji duk rabin awa. Safar roba ta fara kumbura tana laushi, a cire a sa wata.

Da yake barandar yamma take kallo, da safe inuwa ce, tayil na da sanyi. Bayan azahar ba a taɓa ta, tina na tashi kafin ta yi aiki.

Zubawa kai tsaye ɓarna ce, cikin minti ɗaya ta bi iska. Abin da ya yi aiki shi ne a shimfiɗa tsohon zanen auduga ninki biyu a kan murabba'in mita ɗaya, a jiƙa shi da tina mililita 300, a rufe da leda mai kauri, a danne gefuna da bulo. Minti 12. A ɗaga gefe ɗaya kaɗan-kaɗan ana turawa da makankari. Danƙon da ke fitowa kamar narkakken ƙaro yake, yana manne wa komai, har sai da aka barbaɗa masa garin katako daga wurin kafinta. Garin na shanye shi ya dunƙule, a share da tsintsiya. Wannan dabara ta rage aikin da rabi.

Matsalar tayil mai kaushi ita ce ramukan fuskarsa. Makankari saman kawai yake ɗauka. Sai an sake ɗiga tina kaɗan an bi da buroshi mai tauri ana zagayawa, a share da tsumma tun da ɗanyensa. Idan aka yi jinkiri silar na sake kwanciya siririya, ta bar sheƙi tabo-tabo.

Tsummokaran da garin katakon ana baza su a fili a kan yashi, nesa da wuta da yara, su bushe sarai kafin a binne. Ba a cusa su a buhu.

Murabba'in mita tara yau.

Asabar, 25 ga Janairu

Baranda ta kai mita 30 cikin 36. Tina saura lita ɗaya da rabi.

Layi biyu na bakin matakala sun ƙi. Tina ta zauna minti 20, wurin ya ɗan yamutse kawai, bai narke ba. Ba sila ba ce, banish ne na katako, mai yiwuwa ragowar wanda aka shafa wa ƙofa aka ƙarar a nan. Banish idan ya bushe ba ya komawa ruwa, sai maganin cire fenti ya kumbura shi a kankare. A nan sai an karanta jikin gwangwani. Mai saurin aikin yawanci metilin kulorayid ne a ciki, wanda tururinsa ya kashe mutane a rufaffen wuri har Amurka ta hana sayar wa jama'ar gari shi a 2019. An ba da saƙon a nemo mai sinadarin benzil alkohol, wanda ke ɗaukar awoyi a ƙarƙashin leda amma bai kai wancan haɗari ba.

A ciki an fara gyaran simintin tsakani. An ƙwaƙule wanda asid ya ci da wanda ya yi ja gaban mumbari da guntun zarton ƙarfe, zurfin kashi biyu cikin uku na kaurin tayil. Sabo siriri a kan tsoho ba ya kamawa, ɓarewa yake. An share ƙura, an jiƙa layin, an cusa sabon haɗi mai kaurin man goge baki da robar hannu, bayan minti 15 aka share da soso mai ɗanshi. An rufe da jiƙaƙƙun buhuna, ana yayyafa ruwa safe da yamma, don a wannan iskar siminti na bushewa kafin ya yi ƙarfi, ya koma gari.

Talata, 28 ga Janairu

An ɗaga tayil tara daga cikin 23 masu fanko, waɗanda ke motsi idan an taka. Ƙarƙashinsu dunƙulen siminti biyar ne, huɗu a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya, sauran iska. Biyu sun fashe wajen ɗagawa. Akwai ragowar kwali ɗaya a ɗakin ajiya tun lokacin gini, guda shida a ciki, daidai waɗannan biyun da huɗun da asid ya dusashe. An kuma lura tayil ya matse da bango ta ko'ina, ba a bar masa wurin numfashi ba. Irin wannan ne ke sa layi guda ya tashi ya yi tozo idan sanyin dare da zafin rana suka yi ta jan sa. Waɗanda aka mayar jikin bango an rage musu milimita biyar.

Kwamiti ya tambaya wane folish za a shafa idan an gama. Amsar da aka ba su ita ce babu. Simintin tsakani kaɗai za a shafa wa sila, irin mai shiga ciki wadda ba ta barin sheƙi, da ƙaramin buroshin fenti, a goge wadda ta hau tayil kafin minti biyar. Ba a soma ba, sai sabon simintin ya cika kwana bakwai. An ɗiga ruwa a tsohon layi a wuri goma: takwas sun yi duhu cikin minti ɗaya, alamar a buɗe suke za su sha, biyu a jikin bangon kudu ruwan ya tsaya a sama, akwai sauran folish a ciki, za a sake bin su da ƙaramin buroshi da ragowar sinadarin gobe.

Maganin cire fenti bai iso ba, direban da aka ba saƙon sai Alhamis zai dawo daga Kano. An kewaye bakin matakala da igiya, ana shiga ta ƙofar kudu.